Wasiƙa daga Liyon ta Faransa: motar lantarki da maganar caji cikin minti 15

Yaya, bayan gaisuwa da fatan Inna da yara suna lafiya, ga amsar tambayar da ka yi mini ranar Alhamis kana Kasuwar Dole ta Damagaram, hayaniya ta hana mu ji juna. Ka ce wani ya gaya maka a Turai mota tana shan wuta ta cika cikin minti 15. Maganar tana da gaskiya a ciki, amma da saura, kuma saurar ce nake so ka ji kafin ka sa kuɗinka.

Shekara biyu ke nan ina aikin kai kaya da Renault Zoe, batirinta na ɗaukar kilowat-awa 52, wato ma'aunin yawan wutar da batir ke ajiyewa. Idan na jona ta a soket na ɗaki, irin wanda kake jona fanka, ƙarfinsa bai wuce kilowat 2.3 ba, sai ta kwana ta yini ba ta cika ba. Akwatin da ake kafawa a bangon gareji yana ba da 7.4, wannan dare ɗaya ya isa. Na bakin titi cikin gari yawanci 22 ne, kamar awa uku. Manyan kuwa suna kan babbar hanya: 50, 150, har 350. Tesla na da nata masu 250. Tun 2023 Tarayyar Turai ta yi doka a riƙa samun tashar caji mai sauri kowane kilomita 60 a manyan hanyoyinta, shi ya sa daga Liyon zuwa Marsai hankalina kwance yake.

Ranar da na fara tsayawa gaban injin da aka rubuta wa 350, da murnata na sa kati na jona waya. Allo ya nuna 45. Na cire na sake jonawa, 45 dai. Wani dattijo da ke gefe da Hyundai Ioniq 5 ya leƙo, ya ce injin lafiyarsa lau, motata ce ba ta karɓar fiye da 50. Tasa kuwa, da aka ƙera batirinta kan bolt 800, ta tashi daga kashi 10 zuwa 80 kafin minti 20 su cika. Ya sha kofinsa ya tafi, ni na yi sama da awa guda a wurin.

Ka tuna layin ruwa a Garin Malam lokacin zafi? Ko famfo na zuba kamar da bakin ƙwarya, bakin bido ke yanke abin da zai shiga, in ya kusa cika kuma dole mai garuwa ya rage, in ba haka ba ruwan ya fantsama ƙasa. To haka batir yake. Da ya wuce kashi 80 motar da kanta take rage abin da take sha don kada ya yi zafi ya lalace, har ƙarashen na iya cin lokaci kusan daidai da na farkon. Mu direbobi a 80 muke cirewa mu kama hanya. Sanyi ma na rage shi sosai. A watan Janairu na sha ganin allo ya tsaya a 25 da sassafe. Wasu injinan kuma baki biyu gare su, wuta ɗaya, maƙwabci na jonawa a raba muku.

Sauri da kuɗinsa. Abin da nake biya a gida kan kilowat-awa ɗaya bai kai sefa 170 ba, a babbar hanya yakan kusa 400, dala tamanin ke nan. Don haka gida nake cikawa, na hanya sai tafiya mai nisa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne girman wutar. Kilowat 350 ya fi abin da na'urar sanyaya ɗaki 200 za su ja lokaci guda, mota ɗaya tak. Duk sanda na tsaya gaban injin nan sai na tuna 2023, da aka yanke wutar da ke zo mana daga Katsina ta Gazawa, kuna kwana a waje, firji ya koma akwatin ajiye kwanoni. Ga zafin Afrilu da ke haura 40, wanda batir ba ya so ko kaɗan. Mu da matatar SORAZ ke tace mai a bayan gari tun 2011, ban ga dalilin da za ka sayi motar da ba ta da inda za ta sha tsakanin Damagaram da Maraɗi ba, balle kilomita kusan 900 na Yamai.

Rana ce muke da ita wadda ba su da irinta a nan. In da gaske kake, fara da babur ko adaidaita mai batir, ka kafa sola a rufin shago, ya riƙa sha a hankali da hantsi har la'asar. Na cikin gari da Mirya ya ishe shi. In dillali ya kawo maka mota, tambaye shi kilowat nawa ita motar ke karɓa, da ƙarfin da ya rage wa batirin bayan shekarun da ta yi, ka turo mini hoton takardunta in duba. A gaida Inna, a ce mata kilishin ya iso.