Wayar wuta mai 2.5 ta Sabon Gari: a auna kafin a biya

Wayar soket mai kauri 2.5 (murabba'in milimita), ƙirar gida mai tambarin NIS, wato shaidar inganci ta Najeriya, ta cancanci kuɗinta, duk da tsadar da ake kuka da ita a layin masu kayan wuta na Sabon Gari. Da jan ƙarfe ake yin wayar, tsadar kuwa daga mahaƙarsa ta faro. A ma'adinan Chile, wadda ta fi kowa haƙo jan ƙarfe, tan guda na dutse galibi ba ya ba da kilo 10, ga kuɗin gas da lantarkin niƙa. Sannan da dala ake sayen jan ƙarfen.

Naɗin waya mai sili ɗaya mai mita 100 na gaske yana ɗauke da jan ƙarfe kusan kilo 2.2, ban da roba. A ɗora a sikeli. In ya yi sakayau, ko an rage tsawo ko an sirantar da waya.

Waya mai araha kuwa, a kankare bakinta da wuƙa. In fari ya bayyana, alminiyom ne aka yi wa rufi da jan ƙarfe. Zafi take ɗauka da an jona hita ko dutsen guga, ta saki a bakin sukurun soket, roba ta narke. Ga AC ma, waya mai kauri 4 ta fi kwanciyar hankali.