GlusterFS: ajiya ba fargaba, amma babban fayil sai haƙuri

Wanda ke shirin tara manyan fayilolin bidiyo a GlusterFS, manhajar da ke haɗa faifan kwamfutoci da yawa su zama ma'aji ɗaya, ya fara duba kebul ɗinsa kafin ya zuba kuɗi a faifai. Sabar uku, wato kwamfutocin ajiya, na haɗa a ɗan wurinmu na tace bidiyo, kowace da faifanta a kan tsarin jera fayil na XFS, na saita GlusterFS ya riƙa ajiye kwafi uku na kowane fayil. Haɗawar ba wuya, umarni kaɗan ne. Ranar da sabar ɗaya ta mutu kuwa, masu tacewa ba su ma sani ba, aikinsu kawai suke yi. Nan kam na yaba masa.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen rubutu, wato zuba fayil a ciki. Ka tura ɗanyen bidiyo mai gigabait 50, sai ka ga layin nan na kwafi yana rarrafe, ka je ka yi salla ka dawo bai kai rabi ba. Faya-fayan kuma lafiyarsu ƙalau, na gwada saurin kowanne shi kaɗai da umarnin kwafi na dd.

Dalilin yana cikin ginin manhajar. In ka haɗa ta FUSE, hanyar da ke nuna maka ma'ajin kamar faifai a kwamfutarka, kwamfutarka ce da kanta ke aika kwafin ga kowace sabar, ba sabar ce ke miƙa wa 'yar'uwarta ba. Kebul mai gigabit 1 ba ya wuce megabait 110 da ɗoriya a daƙiƙa. Raba shi uku, abin da zai rage maka bai kai 40 ba. Ga shi kuma sai sabobin sun amsa cewa sun karɓa, don haka mai nawa a cikinsu ita ke jan ragamar kowa. Karatu, wato ɗauko fayil, bai da wannan matsala, tunda daga kwafi ɗaya ake ɗaukowa.

Na ɗan taɓa saitin write-behind, mai tara rubutu kafin a aika wa sabobin, bambancin bai taka kara ya karya ba. Abin da ya yi aiki shi ne komawa kebul da suwic (na'urar da ke haɗa kwamfutocin) masu gigabit 10, sai mai da sabar ta uku mai shaida kawai: tana riƙe sunan fayil da bayanansa, ba ta riƙe abin da ke ciki. Kwafi biyu ke nan ke bin waya maimakon uku. Kada dai rowa ta sa ka tsaya a sabar biyu zalla, ran da suka saɓa wa juna ba mai raba gardama.

Akwai kuma saitin features.shard, wanda ke datsa babban fayil gunduwa-gunduwa, megabait 64 kowace. Ya rage min jiran gyaran kwafi bayan sabar ta farfaɗo. Amma in ka kunna shi ka zuba kaya, kar ka kuskura ka kashe, fayilolin da aka riga aka datsa za su lalace.