Katakon Ƙera Jita: Abin da Na Gani a Balansiya da Abin da Muke da Shi a Damagaram

Kawu, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da yaran shago, ga amsar tambayar da ka aiko mini tun kafin azumi. Ka ce wasu samari biyu sun kawo maka tsohuwar jita wadda fuskarta ta tsage, suna so ka gyara ta, in da hali ma ka ƙera musu sabuwa, kuma ka ce in duba maka abin da ya wajaba a sayo daga nan da abin da za a iya samu a Kasuwar Dole. Na jinkirta ne domin gani ya kori ji: na bari sai da na bi maigidana zuwa ɗakin ajiyar da yake sayen katako, na taɓa da hannuna, na kuma tambayi farashi.

Shekara huɗu ke nan ina aiki a wani ƙaramin shagon ƙera jita a gefen birnin Balansiya na ƙasar Sifaniya, kuma abu na farko da aka koya mini shi ne kowane sashe na jita da irin katakonsa. Akwai fuska, akwai baya da gefe, akwai wuya, akwai allon da ake danna yatsu a kai, akwai kuma ɗan guntun da tsirkiya ke hawa, wanda masu goge da garaya ke kira jaki. A cikinsu duka fuska ce mai magana, kamar yadda fata ce mai magana a jikin gurmi, ƙwarya kuwa tana riƙe ta ne tana tara mata iska. Masu sana'a a nan suna yawan ba da labarin Antonio de Torres, maƙerin jita mutumin Almeriya da ya rayu daga 1817 zuwa 1892, wanda siffar jitar zamani ta samo asali daga aikinsa. A shekarar 1862 ya ƙera wata jita da fuska ta katako mai kyau, amma baya da gefenta na kwali ne, kuma ta yi sauti. Jitar tana nan har yau a gidan tarihin kayan kiɗa na Basalona. Na kawo wannan labari ne domin a kansa shawarata ta tsaya: kuɗin da za a kashe a waje, a kashe shi a kan fuska.

Itacen da ake yin fuska da shi ba ya tsirowa a ƙasarmu ko kusa da ita. Faransawa suna kiransa episeya, mutanen nan kuma abeto, kuma mafi daraja shi ne wanda ya girma a kan duwatsun Alf masu sanyi, kamar dajin Paneveggio da ke kwarin Fiemme a arewacin Italiya. Sanyi yana sa itacen ya girma a hankali, kowace shekara ya ƙara siririn layi ɗaya, sai katakon ya fito mara nauyi amma mai tsauri, wanda shi ne abin da ake nema. Akwai ɗan uwansa mai suna Sitka da ake kawowa daga Alaska da yammacin Kanada, shi ne aka fi sa wa jita mai tsirkiyar ƙarfe, akwai kuma jan sedar na wannan yanki, mai taushin murya.

Ina so in bayyana maka yadda ake sayar da shi, domin a nan ne bambancinmu da su ya fi fitowa fili. Ba a sayar da shi falanki-falanki kamar yadda ake sauke mana farin katako da jan katako daga motocin da suka biyo ta Kano. Ana fara tsaga gungumen ne daga tsakiya zuwa baki, kamar yadda ake yanka kankana, domin layukan shekara su tsaya a tsaye a cikin kaurin katakon, sannan a yanko falle biyu a jere daga wuri ɗaya, a buɗe su kamar shafin littafi, su zama dama da hagu na fuska guda. Kowane falle tsawonsa ya ɗan haura santimita 50, faɗinsa kamar 20, kaurinsa milimita 4 zuwa 5, kuma maƙeri ne zai kankare shi ya dawo tsakanin milimita 2.5 da 3. Dattijon da ke kula da ajiyar ya ɗauki falle ɗaya ya riƙe shi da yatsu biyu kusa da gefe, ya kai shi kunnena, ya ƙwanƙwasa tsakiyarsa da gaɓar yatsa. Na ji ya amsa kamar ƙaramar ganga, sautin ya ɗan jima kafin ya mutu. Ya ɗauko wani mai kyan gani fiye da na farko ya yi masa haka, sai ya yi tim ya yi shiru. Ya mayar da shi kan tari bai ce komai ba. An rarraba katakon daraja-daraja, daga A zuwa AAA har zuwa na ƙoli, amma yawancin wannan rabo a kan kyan launi da daidaiton layi ake yin sa, saboda haka mai ƙaramar daraja yana iya fin mai tsada murya. Na zaɓo maka biyu masu ƙaramar daraja da kunnena, kowane a kan yuro 25, wato jika 16 da 'yan kai, tunda yuro ɗaya sefa 655.957 ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a ranar shi ne ɓangaren katakon baya da gefe da wuya, domin da na karanta takardun da ke manne da tarin, sai na ga kaso mai yawa daga Afirka ya fito. Akwai sapele, wanda sunansa ma daga garin Sapele na kudancin Najeriya aka ɗauko shi. Akwai wanda suke kira mahogani na Afirka, ɗan gida ɗaya da maɗacinmu. Akwai jan paduk, dangin madobiya. Baƙin eboni da ake yin allon yatsu da shi kuwa daga Kamaru yake zuwa, kuma shi da kanya 'yan uwa ne na jini. A shekarar 2011 kamfanin Taylor na Amurka da kamfanin Madinter na nan Sifaniya suka sayi masana'antar yankan eboni ta Crelicam a Yawunde, inda suka tarar masu sara suna kayar da itatuwa kusan goma kafin su sami ɗaya mai baƙi wuluk, sauran masu ratsin fari a bar su a daji su ruɓe. Tun daga nan aka fara sa mai ratsin a jita masu tsada. Wato dai, Kawu, itacen namu ne. Abin da suka ƙara masa shi ne yanka ta hanyar da ta dace, da haƙurin busarwa na shekaru, da takarda.

Batun takarda yana da muhimmanci ga duk wanda zai ƙetara iyaka da katako. Akwai yarjejeniyar duniya mai suna CITES da ke kula da cinikin itatuwa da dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu. Ta hana cinikin palisandar na Barazil, wani katakon baya da gefe mai daraja, tun 1992, a farkon 2017 kuma ta sa sauran danginsa duka a ƙarƙashin izini, tare da madobiya, wadda aka yi wa sara mai tsanani a Afirka ta Yamma saboda kasuwar Sin. A ƙarshen 2019 aka sassauta wa kayan kiɗan da aka riga aka ƙera, ban da masu palisandar na Barazil, amma ɗanyen katako yana nan a kan doka, kuma daga Fabrairun 2023 maɗaci da kawo na Afirka ma sun shiga. Saboda haka ban sayo maka palisandar ba, ko da na Indiya ne, domin ba na so a tsare ɗan saƙo a duwan. Episeya ba ya cikin wannan jeri.

Ga baya da gefe da wuya, shawarata ita ce ka nemi tsohon maɗaci, kuma kada a sare ko itace ɗaya saboda wannan aiki. Tsohuwar ƙofa, ko ƙafar gado, ko teburin ofis da aka jefar, wanda ya sha hunturun Damagaram shekara talatin, ya fi duk abin da zan aiko maka zama lafiya, domin ya gama motsin da zai yi. Ka duba bakin katakon ka zaɓi wanda zarensa ya miƙe, babu ƙulli, ka yanko gefe mai kaurin milimita 2. Dogon yaro ma dangin maɗaci ne, kuma ina ganin ya cancanci a gwada shi a jitar farko. Ga allon yatsu da jaki ana son itace mai tauri wanda tsirkiya da farce ba za su ci ba, kuma duk wanda ya taɓa sassaƙa ƙirya ya san ba ta da wasa. Farin katako a bar shi ga 'yan guntayen da ke riƙe kusurwoyi daga ciki.

Yanzu sai babbar magana, wadda ta fi zaɓen itace: laimar iska. A shagonmu akwai ɗan ma'auni a bango da na'ura mai tsotse laima, ana riƙe ɗakin tsakanin kashi 45 da 50 cikin ɗari dare da rana, domin a wannan yanayi aka saba haɗa jita. A Damagaram kuwa laima tana sauka ƙasa da kashi 20 a ƙarshen hunturu da bazara, ta haura 60 a tsakiyar damina. Katako yana tsukewa ta faɗinsa idan ya bushe, sandunan da aka manna masa a gicciye daga ciki kuma ba sa tsukewa tare da shi, sai fuskar ta rasa inda za ta je ta tsage. Na san wannan da kaina, domin jitar farko da na haɗa da hannuna na kawo ta gida a watan Janairu, ka kuma gan ta. A dare na tara ina kwance a ɗakin soro na ji ƙas, da safe na tarar da tsaga daga jaki har gindi, wadda takarda ke shiga. Har yau abin yana damuna. Don haka idan fallayen sun iso, ka jingine su a cikin shago a inuwa, da 'yan sanduna a tsakaninsu domin iska ta ratsa, su yi aƙalla hunturu guda, sannan ka haɗa jitar da rani. Wadda aka haɗa a bushe za ta ɗan kumbura da damina ta koma, wadda aka haɗa a watan Agusta kuwa ba za ta kai Maris ba.

Ka kuma duba irin tsirkiyar da ke jikin jitar samarin nan. Tsirkiya shida na nailan suna jan kimanin kilo 40, na ƙarfe kuwa suna kai kilo 70 ko fiye, shi ya sa jitar ƙarfe take da sanduna biyu a gicciye a ƙarƙashin fuska da sandar ƙarfe a cikin wuya. Idan an ɗaura ƙarfe a jitar da aka yi domin nailan, jaki zai ɗago, wuya ya lanƙwashe, kuma gyara ba zai daɗe ba.

A ƙananan kaya ne na ga inda muka fi su sauƙi. Nan ana sayar da ɗan ƙashin saniya ko na raƙumi, an goge shi an sa a leda, domin matokarin tsirkiya a kan jaki da bakin wuya, alhali kai mahauci zai ba ka shi kyauta, ka dafa, ka shanya, ka goge. Mannin da manyan maƙera suka fi yarda da shi daga fatar dabba ake dafa shi, ana narkar da shi a ruwan ɗumi kamar digiri 60, kuma garin da ke da majema irin tamu bai kamata ya rasa shi ba. Ƙarfen lanƙwasa gefe na lantarki yana da tsada, amma asalinsa bututu ne da ake zuba wa garwashi, wanda maƙeri a Zango zai haɗa maka da yamma ɗaya. Har yanzu a shagonmu da igiya da 'yan tsinkayen katako muke matse fallayen fuska. A nan ba a ciniki, ba a ba da bashi, ba kuma wanda zai ƙera maka kayan aiki guda ɗaya. Abin da zan yaba musu shi ne kana yin oda ta intanet kaya su iso cikin 'yan kwanaki, a kan ma'aunin da aka rubuta, kuma idan falle ya zo da aibi ana canja shi.

Abin da babu makawa sai an sayo shi ne wayar da ake dasawa a allon yatsu, da maɗauran tsirkiya, da sandar wuya, da tsirkiyar kanta. Wurin dasa wayar lissafi ne: idan tsawon tsirkiya milimita 650 ne, ka raba shi da 17.817, ka sami 36.5, nan ne waya ta farko idan ka auna daga bakin wuya. Ka cire wannan daga 650, ka sake raba abin da ya rage, ka sami tazarar waya ta biyu daga ta farko, haka har ƙarshe. Idan ta goma sha biyu ta faɗo a kan 325 daidai, lissafin ya yi.

Na ɗaure fallayen a tsakanin fale-falen katako biyu, na haɗa da waya ta jita biyu, da maɗaurai, da sandar wuya guda biyu, da ma'aunin laima, da zanen jita a kan takarda mai girman gaske. Wani ɗan garinmu zai taho da su Yamai a wata mai zuwa, daga nan a sa su a mota, kuma na roƙe shi kada a ɗora su a saman mota cikin rana. Idan sun iso, ka rataye ma'aunin a bangon shago, ka sa yaro ya riƙa rubuta abin da ya nuna safe da yamma, ka aiko mini, tare da hoton bakin maɗacin da ka samu kafin ka sa masa zarto. A gaishe mini da Inna da su Yaya.