Fentin mai ko akirilik ga mai koyon zanen fili a Kano

Ɗan'uwa, ka ce kana son koyon zanen fili irin na su Kulod Mone, mai zanen nan na Faransa, kana tambaya ko ka fara da fentin mai ko da akirilik, tunda an ce maka akirilik ya fi araha da sauƙi. Araha dai gaskiya ne. Sauƙi kuwa, a garin nan, ban yarda ba.

Duba abin da salon yake nema. Mutanen nan ba siffar abu ta dame su ba, haske suke farauta. Zanen fitowar rana da Mone ya yi a 1872, wanda aka nuna a Faris a 1874 har salon ya samo sunansa na Impressionism daga gare shi, 'yan gajerun shafe-shafen burushi ne, ido ke haɗa su daga nesa. Irin wannan aiki yana son a ɗora launi kan launi tun fenti yana ɗanye.

To a nan fentin mai da akirilik suka rabu. Akirilik da ruwa ake sirka shi, ruwan na tashi ya bushe. A zafin Afrilu, kafin ka gama haɗa launin Dutsen Dala, na kan faranti ya yi ɓawo, burushi ya ƙage. Kuma yakan ƙara duhu bayan ya bushe, sai ka ga hasken da ka sa ba shi ka samu ba. Fentin mai kuwa man linsid ɗin da ke cikinsa ne ke shan iska sannu a hankali har ya daskare, abin da kan ɗauki kwanaki. Kana da sararin gyara, ka kankare da wuƙa, ka sake. Ga mai koyo wannan jinkirin rahama ne. Hazon hunturu ma, wanda ke dusashe Gwauron Dutse har ya narke cikin sama, da mai ne kawai nake iya tausasa gefensa yadda raina ke so.

Amma ba zan ɓoye maka ba, hunturun nan shi ne abokin gabar mai. Na taɓa barin zane a tsakar gida ya kwana, da safe na tarar ƙura ta zauna a kansa daram, babu dabarar cire ta. Tun daga nan sai in jingina shi a ɗaki, fuskarsa na duban bango ba tare da ta taɓa shi ba. Akirilik bai san wannan damuwa ba. Ga kuma warin tafentin, wanda ake sirka fentin mai da shi, kada ka yi aiki da shi taga a rufe.

Ni dai mai zan ce ka saya. Launi biyar sun ishe ka: fari, rawaya, ja, shuɗi da ruwan ƙasa. Bar baƙi tukuna. Sa shafin farko siriri, mai kauri ya biyo baya, in ba haka ba zai tsattsage. Ɗauki ƙaramin allo ka je bakin badala da la'asar sakaliya, ka zuba wa inuwar ginin ƙasa ido sosai. Za ka ga shunayya ce take yi kusa da ruwan goron da rana ta zuba wa bangon, kuma kafin a kira magariba ta sake launi.