Chairman ko Chair: wanne ya fi dacewa?

A Turanci, shugaban kwamiti "chairman" ne tun ƙarni na 17, daga nan muka samo ciyaman ɗinmu na ƙaramar hukuma. Matsalarsa wutsiyarsa ce, "man", wato namiji. Idan mace ce a kujerar sai ka ji "Madam Chairman", bambarakwai, namiji da suna Hajara.

"Chair" kuwa kujerar ce kawai, ba ruwanta da jinsi. Wannan kalmar ce Janet Yellen ta zaɓa da ta hau shugabancin Babban Bankin Amurka a 2014, Jerome Powell ya gaje ta har da laƙabin. Ni a takardar taro "chair" nake rubutawa, amma wurin gaisuwa a sakatariya, "ranka ya daɗe ciyaman" ke fita bakina.