Kamfas ɗin Silva Arc Jet da gilashinsa, ra'ayin ɗan ajin H60

Jama'a wannan bayani ne akan kamfas ɗin da ake sawa a babban yatsa, Silva Arc Jet, da ɗan gilashin ƙara girman rubutu da ake maƙala masa, saboda dattawa irina da har yanzu muke shiga daji da taswira a hannu muna gudu. Wasan a nan Suwidin orientering suke ce masa, ni dai tseren taswira nake cewa. Za a baka taswira da wurare da aka zagaye da da'ira, kowanne akwai 'yar tuta fari da ruwan lemo a ɓoye bayan dutse ko cikin kwari, kai zaka nemo su ɗaya bayan ɗaya bisa lamba, kuma ba a yarda ka bi hanya da GPS ba, daga kai sai takarda sai kamfas. Ana raba mutane aji aji na shekara biyar biyar tun daga 35, to ni ina H60, wato maza 'yan sittin.

Abinda matasa basu gane ba shine a shekarunmu ba gwiwa ce ke fara cin amanarka ba, ido ne. Gwiwa kam in ta yi ƙorafi ka rage gudu kuma masu shirya gasa dama suna rage mana tsawon hanya. Amma ido fa? Dutse guda da ya kusa kai maka ƙirji a daji, a taswira ɗan baƙin ɗigo ne da bai kai milimita ɗaya ba, ga layukan tudu masu ruwan ƙasa sun cukurkuɗe, ga shuɗin fadama ga koren sarƙaƙiya, kuma duk wannan kana haki gumi na zuba zaka karanta shi a ƙarƙashin inuwar bishiyoyi. Kamar tsintar tsakuwa a shinkafa ne bayan magariba. Eh ana buga mana taswira mai ɗan girma, 1:10000 ko ma 1:7500 maimakon 1:15000 na manyan 'yan wasa, amma wallahi duk da haka a wurin da duwatsu suka yi yawa sai ka tsaya cak kana miƙa hannu nesa kana matse ido, wani tsoho ɗan saba'in da biyar mai tafiya a hankali ya zo ya wuce ka saboda shi yana gani.

To nan ne gilashin ya biya kuɗinsa. Yana zaune a saman bakin kamfas daidai inda yatsanka ke nuna wurin da kake a taswira, in kana buƙata ka juyo shi, in baka buƙata ka kawar da shi gefe. Wannan kawarwar ita ce ta fi burge ni, don tabarau na karatu matsalarsa in ka saka zaka ga taswira tas amma ƙasa ta zama hazo, sai saiwar bishiya ta kwashe ka, kuma faɗuwa a kan dutse ɗan sittin ba irin ta ɗan ashirin bace, sati nawa zaka yi kana jinya. Akwai tabarau na 'yan wasan nan mai rabin gilashi a ƙasa, abokaina da yawa shi suke sawa kuma suna yabawa, ni dai mai yawan gumi ne, tururi yake rufe min shi. Shima gilashin kamfas in ana ruwa ɗigo na zama akai kamar kowane gilashi, sai ka goge da riga, kuma wuri kaɗan yake nuna maka, in zaka zaɓi hanya mai nisa tsakanin tuta biyu dole ka kawar dashi ka kalli taswirar gaba ɗaya.

Kamfas ɗin kansa babu abin cewa. Allurar tana tsayawa da wuri kuma bata rawa sosai ko kana sassarfa. Kafin shi wani mai araha nake riƙewa wanda ko sunan kamfani babu a jikinsa, da sanyi ya shigo sai kumfar iska ta fito cikin ruwan da allurar ke ciki, allura ta dinga lilo sai ka tsaya ka jira ta gama shawara. Silva kuwa tun 1933 suke wannan sana'a, 'yan gidan Kjellström da Gunnar Tillander suka kafa shi kuma su kansu 'yan wannan wasa ne. Amma gaskiya in faɗa muku, saurin allura na daƙiƙa ɗaya ko rabi wa masu neman kofin duniya yake da amfani, ni da nake ɓata minti uku ina neman rami a bayan tudu ba shi zai cece ni ba. Kuma yana da tsada, gilashin ma daban ake sayensa. In kuɗinka na abu ɗaya ne kuma kana da tsohon kamfas mai lafiya, nemi gilashin da zai hau kansa ka bar sabon kamfas sai wata shekara.

Wajen saye a kula, akwai na hagu akwai na dama, kuma hannun da kake riƙe taswira dashi ake nufi ba hannun da kake rubutu ba, yawancin masu rubutu da dama na hagu suke saye. Madaurin a gwada shi da safar hannu in za a yi wasa lokacin sanyi. Sannan ga wanda yake tunanin tafiya dashi gida, allurar kamfas ana daidaita nauyinta ne bisa yankin duniya, Silva na rubuta MN na arewa, ME na tsakiya, MS na kudu. Wanda aka saya a Stockholm in ka kai shi Kano ko Zinder allurar na iya karkata tana gogar kwanon da take ciki, ME ya kamata ka nema.

Wa zan ce ya saya? Duk wanda ya haura hamsin kuma ya fara miƙa waya nesa kafin ya karanta saƙo. A O-Ringen, gasar kwana biyar da aka saba yi a nan Suwidin a watan Yuli tun 1965, in ka tsaya wajen da ajin tsofaffi ke tashi zaka ga 'yan tamanin da ɗori maza da mata, da yawansu da irin wannan gilashi a yatsa ko tabarau a hanci. Ni na bashi huɗu cikin biyar, ɗayan tsada ce ta cinye.