Gidan Tarihin Isra'ila a Urushalima: abin da mai bin sawun Yesu zai samu

Wanda ya shiga wannan gida da ke Gibat Ram yana neman wani kaya na Yesu kansa zai fito hannu rabbana. Amfanin gidan shi ne yana nuna mutanen da Linjila ta ambata da irin hukuncin zamaninsu, kuma a nan ya cancanci yabo. A ware masa akalla awa uku.

A fara da safe da taswirar ginin tsohuwar Urushalima, domin a fili take, rana na dukan mutum. An rage girman birnin sau 50, amma birnin shekara ta 66 ne, kusan shekaru 35 bayan gicciye Yesu. Nan masu ziyara ke ruɗewa: suna ganin Golgota, wurin da aka gicciye Yesu, a cikin ganuwa, alhali ganuwar da ta kewaye shi, wato ta uku, daga baya Sarki Agaribas na Farko ya soma ta. A nemi ganuwa ta biyu, za a ga wurin a wajen gari yake.

Sai a wuce sashen kayan tono. Dutsen Bilatus, wanda aka gano a Kaisariya a 1961, na asali ne. Na Kaisariya kwafi ne. Gefen na asalin ya ɓare, amma sunan Bilatus, wanda ya yanke wa Yesu hukunci, da muƙaminsa na mai mulkin Yahudiya suna karantuwa da Latin. Akwai kuma akwatin dutse mai ado da aka samu a 1990, irin wanda ake tara ƙasusuwan mamaci a ciki shekara guda bayan binnewa, ɗauke da sunan Yusufu ɗan Kayafa. Masana da yawa na ganin Kayafa ne, babban firist ɗin da ya yi wa Yesu shari'a, wasu ba su yarda ba.

Abin da ya fi taɓa zuciya ɗan ƙarami ne, ana iya wuce shi ba a lura ba: shaidar diddigen wani mutum da aka gicciye mai suna Yehohanan, wanda aka tono a 1968 da ƙusa mai tsawon santimita 11.5 a cikin ƙashin. Bakin ƙusar ya lanƙwashe, shi ya sa aka kasa zare ta, aka binne shi da ita. Wannan na nuna wanda aka gicciye yana iya samun kabarin dangi.

Ɗakin naɗaɗɗun littattafan Tekun Gishiri, wato tsofaffin rubuce-rubucen Yahudawa da aka gano a kogwanni kusa da tekun, a bar shi ƙarshe. Littafin Ishaya da ke tsakiya galibi kwafi ne, domin haske na cin fatar.